Yadda ake gane sushi mai kyau da gidan da ya iya yin sa

Mai shiga gidan sushi, abincin nan na Japan na shinkafa da kifi, karon farko, ko a Tokiyo ne ko a Dubai ko a Abuja, idonsa kan kifi yake sauka: ga jajayen yanka, ga masu ruwan lemo, ga farare, an jera su a bayan gilashi. Tambayar da ke bakinsa ɗaya ce: sabo ne? Wannan tambayar ba ta kai ka ko'ina, don babu mai gidan abincin da zai ce maka a'a. Abin da ke raba gidan kirki da wanda bai iya ba abu biyu ne da za ka duba da kanka: yadda suke kula da shinkafarsu, da yadda suka riƙe sanyin kifinsu tun daga teku har zuwa farantinka. In ka iya duba waɗannan biyun, ado da fitilu da tsadar wuri ba za su ruɗe ka ba.

Sushin da aka fi sani yau, wato ɗan curin shinkafa mai tsami da yankan kifi a kai, wanda ake kira nigiri, ya fito ne a birnin Edo, Tokiyo ta yanzu, wajen shekarun 1820, kuma ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei. A lokacin babu firiji. Don haka masu sana'ar suka ƙware wajen sarrafa kifi: wani a barbaɗa masa gishiri a jiƙa shi a khal, wato binega, wani a tsoma shi a shoyu, ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya, wani kuma a dafa shi. Har gobe a nan gwanintar take. Manyan gidaje a Japan ma sukan ajiye tuna, wani babban kifin teku, ta kwana biyu ko fiye a sanyi kafin su yanka, don ɗanɗanonta ya fito. Ke nan abin nema shi ne kifin da aka kula da shi, ba sai wanda ya fito daga ruwa da safiyar nan ba.

Mataki na farko: tun kana gida

Buɗe wayarka ka nemo gidajen da ke kusa, amma kada yawan taurari ya ɗauke maka hankali. Hotunan da masu cin abinci suka ɗauka da kansu za ka duba, ban da waɗanda gidan ya ɗora don talla. Nemo hoton nigiri zalla ka ƙara girmansa. In ana ganin ƙwayoyin shinkafa ɗai-ɗai suna sheƙi, kifin kuma ya kwanta a kai ya rufe ta, alama ce mai kyau. Daga nan karanta ra'ayoyin da suka fi yin ƙorafi. Wanda ke kukan an bar shi yana jira bai faɗa maka komai a kan abincin ba. Amma in mutum biyu ko uku sun ambaci ƙarni, ko shinkafa mai sanyi, ko ciwon ciki, ka tsallake gidan.

A Japan mutanen ƙasar sun fi dogara da shafin Tabelog, kuma suna da rowar maki: gidan da ya kai 3.5 a can ya isa gida. Kada ka raina shi don ka saba ganin 4.8 a Google.

Duba jerin abincinsu. Gidan da ke sayar da sushi da fiza da shawarma da soyayyar shinkafa duk a kicin ɗaya, da wuya kifinsa ya riƙa ƙarewa da wuri, kuma kifin da ba ya ƙarewa shi ne ke kwana yana jira. Haka in duk jerin naɗaɗɗun sushi ne da aka soya aka malala musu mayonis da miya mai zaƙi. Ba na ƙin su, suna da daɗinsu, amma miya da suya suna rufe aibin kifi, shi ya sa ba a auna gida da su.

Sai ka buga waya. Tambayi wace rana kifi ke iso musu, daga ina, kuma a daskare yake zuwa ko a kan ƙanƙara. Gidan da ya san aikinsa amsar tana bakin ma'aikacinsa, ko ya miƙa wa kuku waya. A garuruwanmu wannan tambayar ta fi nauyi. Salmon ba ya rayuwa a ruwayenmu, dole shigo da shi ake yi, kuma Kano kimanin kilomita 1,000 take daga gaɓar Legas. Ga zafi, ga ɗaukewar wuta. Ka tambaya kai tsaye ko firizarsu tana kan janareta ko sola dare da rana. In an yi maka hanya-hanya, ka samu amsarka. Farashi ma shaida ne. Ɗanyen kifin da ya hau jirgi ya zo ba zai yi araha ba, kuma araha ba ta ado. "Ci iya cinka" a kuɗi kaɗan yana nufin an rage wani abu a wani wuri.

Mataki na biyu: daga bakin ƙofa

Hancinka ya riga idonka shiga. Gidan sushi mai kyau ba ya ƙarni. Abin da za ka ji shi ne ɗan ƙamshin khal da na dafaffiyar shinkafa. In ƙarni ya tare ka, ko wari mai yaji kamar na fitsari, ko an cika wurin da turare da maganin wanke ƙasa don a danne wani abu, juya abinka. Ba ka ci bashin kowa ba.

In akwai kanta, zauna a nan, gaban mai haɗawa, don a nan kake ganin komai. Kalli kifin da ke cikin gilashi ko akwatin katako. Ya kamata ya zama manyan gunduwoyi a rufe, a jere tsaf, babu ruwa kwance a ƙarƙashinsu, ana yanka kowane sai an yi oda. Yankakken kifi da aka tara tun rana gefensa yakan bushe ya yi duhu. Kalli hannun mutumin: farce a yanke, babu zobe, yana yawan tsoma yatsu a ruwan khal, yana goge wuƙa da katako da tsumma mai tsabta bayan kowane kifi. Doguwar wuƙar yake ja sau ɗaya daga gindi zuwa tsini, ba ya gurzawa gaba da baya. Safar hannu ba hujja ba ce. Wanda ya taɓa kuɗi da waya da safar ya koma kan kifi ya fi mai wanke hannu tsirara haɗari.

Mataki na uku: odar gwaji

Kada ka fara da babban faranti. Nemi abu uku ko huɗu marasa ado: nigirin jan naman tuna marar kitse, wanda suke kira akami, siririn naɗi na kokwamba, kappa maki, tamago, wato wainar ƙwai mai ɗan zaƙi da ake naɗewa hawa-hawa, in kuma akwai, saba, ɗan'uwan kifin nan titus, wanda ake sarrafawa da gishiri da khal. Tamago yana nuna ko gidan na yin abinsa da kansa ko saye yake a leda. Na gida yana da laushi da danshi, na kanti kuwa santsi gare shi da zaƙi fiye da kima, kowane yanka kamar ɗan'uwansa. Saba kuma kifi ne mai saurin lalacewa, gidan da ya fitar da shi babu ƙarni, tsaminsa daidai, ya iya sauran.

Mataki na huɗu: shinkafa

A nan nake so ka daɗe. Ɗauki nigirin da yatsunka, ba laifi ba ne, haka ake ci tun asali. Abu na farko da za ka ji shi ne ɗumi. Shinkafar sushi mai kyau tana kusa da ɗumin jikin mutum, kifin da ke kanta kuma yana da ɗan sanyi. Wannan haɗuwar ce ke sa maiƙon kifin ya saki a baki. Shinkafa mai sanyin firiji ta riga ta mutu: ƙwayarta ta taurare, ƙamshin khal ya gudu, kuma ta tona asirin cewa an haɗa ta tun ɗazu an ajiye.

Na biyu shi ne riƙo. Curin ya tsaya a hannunka bai wargaje ba, amma da ka sa a baki ya watse ba tare da ka sha tauna ba. Gwanin yana matsa waje ne ya bar iska a ciki. In ka gutsura ka duba, za ka ga ƙananan ramuka tsakanin ƙwayoyin. In an danne ta ta haɗe ta zama kamar tuwon shinkafa, ko an cika mata ruwa wajen dahuwa, ko hannun mai yin ya yi nauyi, ko inji ne ya matse ta. In kuma tana zubewa tun kafin ta kai baki, ko ba irin shinkafar ba ce, ko an bar ta ta bushe. Gajeriyar shinkafar Japan mai ɗan danƙo ake amfani da ita, irin su Koshihikari. Basmati da doguwar shinkafar da muka saba ba sa riƙe juna, duk wanda ya yi maka sushi da su dabara ya yi.

Na uku ɗanɗano. Tsami da gishiri da ɗan zaƙi, babu wanda ya hau kan wani. Gidaje da yawa a wajen Japan suna zuba sukari har ya yi yawa, don sukari na riƙe laushin shinkafar da za ta daɗe a ajiye. In zaƙi ne ya fara zuwa harshenka, ka san dalili. Wani gidan za ka ga shinkafarsa ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa. Ba lalacewa ta yi ba, jan khal ne da ake kira akazu, irin na mutanen Edo na da, ɗanɗanonsa ya fi zurfi.

Sai girma. Nigiri loma ɗaya ce. In sai ka raba shi biyu saboda tulin shinkafa, ana cika maka ciki ne da abin da ya fi araha.

Mataki na biyar: kifi

Yankan ya kasance mai sheƙi da danshi, fuskarsa sumul, ba yauƙi. In ka ɗan danna da yatsa ya dawo. Naman da ya rarrabu, ko yake tsatsar ruwa, ko ya yi lugub a baki, an narkar da shi da gaggawa ko an sake daskarar da shi.

Tuna ta fi kowane kifi ruɗi. Akami mai kyau ja ne mai zurfi, yana ɗan ɗaukar haske. Yakan yi duhu in ya sha iska, wannan ɗabi'arsa ce. Wanda ya kamata ka yi shakka a kai shi ne mai launin hoda mai haske, iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, wanda ba ya sauyawa ko ya yini a faranti. Sau da yawa an busa masa iskar kabon monoksaid ne don launin ya tsaya. Japan da Tarayyar Turai sun hana wannan, Amurka kuwa ta bari. Illarsa ita ce launin ya daina gaya maka kwana nawa kifin ya yi. Kifin tuna da na saba in suka zauna a zafi suna tara wani sinadari, histamin, wanda dahuwa ba ta kashe shi. In ka ji kifi yana yi maka yaji ko ƙaiƙayi a harshe alhali ba wasabi ba ne, wato koren yajin nan da ake sa wa sushi, tofar, kada ka ƙara. Alamomin gubar histamin su ne jan fuska, ciwon kai da ƙuraje cikin ɗan lokaci.

In ka ga an rubuta "farar tuna", tambayi ainihin sunan kifin. Binciken da ƙungiyar Oceana mai kare teku ta fitar a Amurka a 2013 ya gano cewa mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna wani kifi ne, eskola, mai wani irin maiƙo da ciki ba ya narkarwa, yana sa gudawa mai mai. Japan ta hana sayar da shi tun 1977. Fari ne fat, mai santsi a baki, shi ya sa mutane ke son sa ba su san abin da suka ci ba.

Salmon baƙo ne a sushi. Mutanen Japan ba sa cin sa ɗanye a da saboda tsutsar da ke cikin na tekunsu. Mutanen Norwe ne suka tallata musu nasu na kiwo tun daga shekarun 1980. Mai kyau yana da fararen layukan kitse a fili, naman a haɗe, ba ƙarni. Abin da ake kira ƙaguwa a cikin naɗaɗɗen sushin da ake ce wa naɗin Kalifoniya kuwa galibi niƙaƙƙen farin kifi ne da aka yi wa launi. Dafaffe ne, ba shi da haɗari, amma kada a caje ka kuɗin ƙaguwar gaske.

Daskarewa ba aibi ba ce, kuma ina so wannan ya zauna maka. Kifin teku yana iya ɗauke da tsutsar anisakis, wadda ke maƙale wa bangon ciki ta sa ciwo mai tsanani. Khal ba ya kashe ta, haka gishiri da shoyu da wasabi. Dahuwa ce ko sanyi mai tsanani. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce a riƙe kifin a digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifili na awa 15. Dokar Tarayyar Turai ta ce aƙalla awa 24 a digiri 20 ƙasa da sifili. Jiragen kamun tuna na nesa suna daskarar da ita a wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Don haka kukun da ya ce maka "a daskare yake zuwa, mu muke narkarwa a firiji a hankali" ya fi mini wanda ke rantsuwa kifinsa bai taɓa ganin firiza ba. Matsalar ita ce narkewa da sake daskarewa, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa.

Kifin ruwan daɗi kuwa, tarwaɗa ne ko ƙarfasa ko giwan ruwa, kada ka yarda a ba ka shi ɗanye, komai kyan gidan. Tsutsotsinsa sun fi na teku yawa da illa ga mutum. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, mai ciwon hanta da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su tsaya ga dafaffe: tamago, dafaffen jatan lande, naɗin kokwamba ko na afokado.

Ƙananan shaidu

Nori, baƙar ciyawar tekun da ake naɗi da ita, ya kamata ta yi ƙaras in ka ciza, da ɗan ƙamshin abin da aka gasa. In tana jan haƙori, naɗin ya daɗe a ajiye. Wasabin gaske tsiro ne da ake nomawa a ruwan sanyi mai gudu a yankuna irin su Shizuoka da Nagano, ana gurza shi nan take, yajinsa ya hau hanci ya sauka da sauri. Koren curin da ake ba ka a yawancin wurare wani saiwa ne daban da aka haɗa da mastad da launi. Ba abin ƙin gida ba ne, don na gasken tsada gare shi. Cittar da ake ajiyewa a gefe ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kai. In za ka tsoma a shoyu, juya nigirin gefen kifin ya taɓa kaɗan, don shinkafa in ta sha shoyu wargajewa take yi, gishiri kuma ya danne komai.

Batun halal

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa a teku halal ne, don haka kifin kansa ba shi ne abin tambaya ba. Kayan haɗin ne. Girkin Japan yana amfani da sake, giyar shinkafa, da mirin, wadda asalinta tana da barasa kimanin kashi 14 cikin 100. Suna shiga miyar da ake shafa wa unagi da anago, kifayen nan masu kama da maciji, suna shiga tamago a gidaje da yawa, da nikiri, shoyun da kuku ke shafa wa nigiri da buroshi kafin ya miƙo maka, wani lokaci har cikin shinkafa. Akazu ma daga dusar sake ake yin sa kafin ya zama khal. Shoyun da aka yi ta hanyar tsimi yana da 'yar barasa da ke fitowa da kanta, kuma akwai wanda aka yi musamman mai shaidar halal. Malamai sun yi magana a kan khal da kan abin da ya rikiɗe, sai ka tambayi wanda kake bi. Abin da ya rage naka shi ne ka tambayi gidan da sunan abin: akwai mirin ko sake a shinkafar, a ƙwan, a miyar? "Akwai giya a ciki?" kawai ba ya isa, don ma'aikaci da yawa bai ɗauki mirin a matsayin giya ba. A Dubai da Kuala Lumpur samun gida mai shaidar halal ba wuya. A Japan akwai su a manyan birane amma ba su da yawa, gara ka nemo tun kafin ka fita. In babu, sashimi, wato kifi zalla ba shinkafa, da gishiri da lemon tsami ya fitar da kai.

In gidan ya ci jarrabawa

Yanzu ne za ka saki jiki. Ka ce wa kuku ya ba ka abin da ya fi kyau yau, ko ka nemi omakase, inda shi ke zaɓa maka ɗaya bayan ɗaya, galibi daga fararen kifaye masu sauƙin ɗanɗano zuwa masu maiƙo. Tambayi kuɗin tun kafin a fara, ka faɗi abin da ba ka ci. Ka ci kowane da zarar an ajiye, don ɗumin shinkafar ba ya jira. Kada ka shafa turare mai ƙarfi ranar, yana ɓata wa kai da na kusa da kai ɗanɗano. A Japan yawancin gidaje masu tsada suna da abincin rana a farashi mai sauƙi, kuma hanya ce mai kyau ta gwada su. Unguwar tsohuwar kasuwar Tsukiji har yanzu cike take da gidajen sushi, duk da cewa kasuwar sarin kifin ta koma Toyosu a 2018, amma kusanci da kasuwa ba ya sa shinkafa ta yi kyau, sai ka gwada kamar ko'ina.

Gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, waɗanda aka fara a yankin Osaka a 1958, suna da arha kuma da yawansu suna da tsabta. Je lokacin da suka cika, ka yi oda kai tsaye a haɗa maka sabo maimakon ɗaukar wanda ya sha zagaye. Na kanti a roba, duba lokacin da aka haɗa shi, ka tabbatar daga firiji mai sanyin gaske ka ɗauko. In kawo maka za a yi gida, lissafa tafiyar: ɗanyen kifi kada ya wuce awa 2 a wajen firiji, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ce. A watan Afrilu a Kano ko Yamai, ɗan acaɓan da ya maƙale a cunkoso ya cinye maka wannan awar, don haka ko a sa maka ƙanƙara a jakar, ko ka yi odar dafaffe, ɗanyen ka bari sai ranar da za ka je ka zauna a kanta.